Wa Zai Fara Zubawa

Ni ce mai raba musu kati, Aling Ningning suke ce mini, don haka babu wanda zai gaya mini halin mutanen nan biyu. Tun da mijina ya rasu ya bar mini shago da tsohon teburin da ke bayansa, duk Lahadi in an taso daga coci tsofaffin layinmu na garin Marikina sukan taru a wurina su buga wasan katin da ake kira foka. Ba wata cacar a zo a gani ba ce. Marafan kwalbar lemo ake zubawa, in la'asar ta yi wanda ya fi tara su ya saya wa kowa taliya. Amma in ka ga yadda suke haɗe gira, sai ka rantse gidajensu aka ajiye a tsakiyar teburin.

Mang Cleto (Mang a wurinmu kamar a ce Malam ne) mai ɗinkin takalma ne, siriri, maganarsa kamar sayenta yake yi. Mang Teryo direban jifni ne, irin motar hayarmu, ƙato, muryarsa tana riga shi shigowa. Cleto ne ya riƙe 'yar Teryo ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa suke kiran juna Pare, sunan da irin wannan zumunci yake ba maza biyu, kuma kujerar Teryo kullum tana hagun ta Cleto. Ma'ana galibi sai Cleto ya yi magana kafin layi ya zo kan Teryo, kuma a kan wannan ɗan tsarin zaman aka gina abotar da ta girmi wasu 'ya'yan layin.

Kowa yana riƙe da katinsa biyu a ɓoye, sai in buɗe uku a tsakiya. To a nan ake sanin mutum. Ko dai ka zuba marafa, ko ka ƙwanƙwasa tebur ka bar na gaba ya yi magana. Teryo bai taɓa jin an ƙwanƙwasa ya bari ba, hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Shi kuwa Cleto, in ya riƙe hannu mai kyau sai ya marairaice, ya ɗan taɓa tebur da bayan yatsa kamar mai neman a tausaya masa. Teryo yana zubawa, sai ya taso ya ninka. Kwanton ɓauna muke kiran abin.

"Ka sake kwantawa ko, tsohon kada?" haka Teryo zai ce, alhali hannunsa ya riga ya kai kan marafa. "Na gan ka sarai. To ga shi nan, taso."

"Ni me gare ni, Pare? Ɗan takalmi ne nake lallaɓawa." Sai ya tura ninki biyu.

Teryo ya daki tebur, ya zagi takalma da masu ɗinka su har kakanninsu, sannan ya yi dariyar da take sa karen maƙwabta haushi. Mako mai zuwa ya sake faɗawa ramin nan dai. Na sha tambayar kaina ko wauta ce, daga baya na gane daɗin abin yake ji.

Wata rana Inggo mai aski, wanda komai ya gani sai ya kwaikwaya, ya ce shi ma zai gwada. Ya riƙe sarakuna biyu ya ƙwanƙwasa, kowa ya bi shi da ƙwanƙwasa, na buɗe kati na huɗu, sai ya haɗa wa wani hannun da ya fi nasa. Inggo ya zauna baki buɗe.

"Kai Inggo, wa kake yi wa kwanton?" in ji Cleto. "Dubi mutanen da ke bayanka, duk matsorata ne irinka. Ba a yin shiru da hannu mai kyau sai ka tabbata akwai wanda ba ya iya shiru a bayanka. In babu shi, zuba abinka ka huta. Sannan ka dubi ukun tsakiya. In suna bin juna, ko duk iri ɗaya ne, katin gaba zai iya kashe ka, nan ba wurin lafewa ba ne. Ka ƙwanƙwasa an bi ka da ƙwanƙwasa, ka ba da kati kyauta ke nan, kuma Aling Ningning ba ta shawara da kowa a kan wanda za ta buɗe."

"To kai ya aka yi kullum kake yi kana ci?"

Cleto ya nuna hagunsa da haɓa. "Ni ina da Teryo."

"Allah ya isa tsakanina da kai," in ji Teryo, yana share hawayen dariya.

A farkon daminar da nake ba da labari, yanar ido ta rufe wa Teryo gani. Ya kusa take wata mai tallar kifi a bakin gada, 'yarsa ta zo ta yi ta kuka, dole ya sayar da jifnin. Motar nan da sunan matarsa Choleng a rubuce a goshinta, da dawakan ƙarfe a kan hancinta waɗanda yake gogewa kowace safiya kafin ya wanke tasa fuskar. Ranar Asabar mai saye ya zo ya ja ta. Ranar Lahadi Teryo ya shigo wurina da silifas, yana surutu fiye da kullum, kowa kuwa ya san dalili.

Akwai wata al'ada a teburina wadda ba wanda ya taɓa faɗarta da baki. Ranar da mutum ya zo da baƙin ciki, ba a yi masa kwanton ɓauna. A bar shi ya ci 'yan marafa, ya yi alfahari, ya sayi taliya ya koma gida da ɗan sanyi a zuciya. An yi mini lokacin da na yi takaba, an yi wa Inggo da shagonsa ya ƙone. Cleto ya san wannan sarai. Amma shi a ganinsa tausayi shi ne zagin da ya fi kowanne ciwo, kuma in ya sassauta wa Teryo, ya gaya masa ke nan cewa ya zama abin tausayi.

Na buɗe sarki da bakwai da biyu. Teryo ya kawo katinsa har kusa da hanci kafin ya gane abin da yake riƙe da shi, mu kuma duk muka kawar da kai. Cleto ya ƙwanƙwasa. Teryo ya zuba, sauran suka ajiye katinsu da sauri don su bar masa. Sai na ji Cleto ya ce ya ninka. Na harare shi, na taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur, ko gezau. Teryo ya tura duk abin da ke gabansa. Sarki ne a hannunsa, shi kuwa Cleto bakwai guda biyu ya shimfiɗa, da ta tsakiya uku ke nan, ya cinye shi. Da ya tsaya nan, da wataƙila an wuce wurin. Amma yana jan marafan sai ya ce, da muryar wasan da suka saba:

"An karɓe motar, amma har yau direba bai san inda birki yake ba."

Ba wanda ya yi dariya. Teryo ya daɗe yana kallon tsakiyar tebur, sannan ya laluba hularsa ya sa, ya miƙe a hankali.

"Na gode, Pare," ya ce. Ya fita ya bar kofinsa da rabin kofi a ciki.

Ranar na wanke Cleto tas, ban rage masa komai ba. Na ce masa tsufa ya zo masa bai zo da hankali ba. Ya saurare ni yana jera marafa, kunnuwansa sun yi ja, na san maganar ta fi ci masa rai fiye da yadda take ci mini. Amma abin da ya ce kawai shi ne, "Zai dawo. Teryo bai iya shiru ba. Kafin Lahadi zai zo ƙofata ya zage ni, shi ke nan an gama."

Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Kujerar hagun Cleto tana nan babu kowa. Inggo ya taɓa ɗora jakarsa a kai, Cleto ya ɗauke ta ya ajiye a ƙasa. Wasan ma ya zama lami. Cleto ya ƙwanƙwasa, kowa ya ƙwanƙwasa, in buɗe kati, a sake ƙwanƙwasawa, kamar masu neman a buɗe musu ƙofa. Gidajen nan biyu kuwa wata 'yar gadar kwata ce kawai a tsakaninsu, in aka soya kifi a ɗaya ana jin ƙamshi a ɗayan.

Da damina ta yi nisa na kai wa Cleto takalmina ya gyara. Yana neman zare a ƙarƙashin benci sai wani kwali ya buɗe, na ga takalma sababbi na fata ruwan ƙasa, masu laushi, irin aikin da ya daina yi wa kowa tun da hannunsa ya fara rawa. Na ɗaga na dama na ga an buɗa shi ta wajen babban yatsa. Kowa a layinmu ya san ƙafar da taka totur ya kumbura wa yatsa, ta Teryo ce.

"Ajiye mini kaya, Ningning."

"Yaushe ka auna shi?"

"Sai na auna? Ƙafar da na shekara da shekaru ina kallo a ƙarƙashin teburinki?" Ya karɓe ya goge da gefen rigarsa. "Mutum ya ƙare rayuwarsa a zaune a mota, yanzu zai koma tafiyar ƙasa, kuma da silifas? Ga ido babu. Tuntuɓe ɗaya ya ishe shi."

"To tashi ka kai masa mana. Ga gidan can."

"A'a. Ya fara zuwa tukuna. Ko zagi ne ya zo ya yi. Yana buɗe baki zan ɗora masa waɗannan a cinya, in ba shi haƙuri a gaban kowa da kowa. Ya zo da ɗaya in mayar masa da goma. Kuma kada ki gaya masa."

"Girman kai rawanin tsiya, Cleto."

"Na fi ki saninsa," ya ce, ya rufe kwalin.

Ni kuwa ba a haife ni da bakin riƙe irin wannan ba. Washegari da hantsi na haye gada. Na tarar da Teryo a kan benci a ƙofar gida, ya juya fuskarsa wajen gadar, ko da yake ban san iya abin da yake gani ba. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, na ɗauka zaman banza ne da rashin motar. Na zauna na kwashe labarin takalman na gaya masa. Fuskarsa ta washe kamar ta yaro.

"Wane launi?"

"Ruwan ƙasa."

"Ya tuna da yatsan?"

"Ya tuna."

"Ɗan banzan tsoho," ya ce a hankali, yana murmushi. Har ya dafa benci kamar zai tashi, sai kuma ya koma ya zauna. "A'a. Kwanto ne. Na san shirun Cleto, ai ni na fi kowa shan sa. Yana can ya lafe yana jira in zo in zuba, ya taso ya rufe ni da alheri, a ce Cleto ya fi Teryo kirki. Tun muna da baƙin gashi yake ƙwanƙwasawa ina zubawa, Ningning. Da matarsa ta rasu ni na je. Da muka yi faɗa a kan zaɓe ni na je. Sau ɗaya dai kafin in mutu ina so in ga mutumin nan ya tako da ƙafarsa ya fara. Ki gaya masa na koyi wasan."

Ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa bencin sau biyu. Na yi masa magiya, na ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ya ce in bar shi haka. Ina tafiya na ji yana ƙwala wa matarsa kira, wai ta duba masa ƙwandalar peso ɗaya. Na ce a raina ko taba zai aika a saya masa.

Da na kai wa Cleto saƙon, dariya ya yi, dariyar da rabona da jin ta tun ranar faɗan.

"Teryo ne ya ƙwanƙwasa? Ai ya kusa ke nan. Hannunsa yana can yana ƙaiƙayi."

"Kai da bakinka ka gaya wa Inggo, in aka bi ka da ƙwanƙwasa ka ba da kati kyauta."

"Na kuma ce a dubi tsakiya. Me ke tsakiya? Yana gidansa ina gidana, lafiyarsa ƙalau sai ido. Babu abin tsoro. Ki bar shi ya nuna."

Na yi fushi na daina yi musu zirga-zirga. Na ce tsofaffi biyu da furfura, in sun gaji sa shirya. Damina ta ɗauke, aka fara rataye taurarin Kirsimeti a tagogi. Sau biyu na hango Cleto da yamma ya rufe shago ya taho har bakin gadar, ya tsaya yana kallon ruwan kwata kamar ya yar da wani abu a ciki, sannan ya juya.

Wata safiya Choleng ta fito wa mijinta da kofi ta same shi a kan bencin nan, kansa jingine da bango, fuskarsa wajen gada. Ya riga ya cika, ciwon zuciya ne. Ashe tun tsakiyar damina likita ya gaya musu, Teryo ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Ya ce ba ya so a ce da ciwo ya jawo Cleto, in zai zo ya zo don kansa. Da na ji wannan na zauna a ƙasan shagona na yi kukan da ban yi irinsa ba tun mutuwar mijina.

Aka kafa tamfol a ƙofar gidan, aka jera kujeru, aka kawo biskit da kofi. Na sa aka ɗauko teburina aka kai can kamar yadda ake yi, don masu zaman makoki su buga, a riƙa cire wa iyalin mamaci rabonsu a gwangwani. Ranar farko Cleto bai zo ba, shagonsa ma bai buɗe ba. Rana ta biyu da azahar sai ga shi ya hayo gada cikin farar rigarsa ta zuwa biki, rungume da kwali. Ya wuce mu bai kalli kowa ba. Na ajiye katin na bi shi ciki.

Ya tsaya a kan akwatin gawar yana kallon fuskar Teryo ta cikin gilashi. Can ya juya wajen Choleng, wadda yake kira Mare saboda baftismar nan.

"Mare, a buɗe mini wajen ƙafafun. Zan sa masa."

"Haba Pare," ta ce, muryarta a dashe. "Ka san ba a sa wa mamaci takalmi. So kake ya kasa kwanciya, mu yi ta jin takunsa a gidan nan?"

"Ko gwadawa ne. In ga ko sun yi masa."

"Ba a yi. Sai dai a ajiye a gefe."

Aka ɗaga murfin. Cleto ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da hannun rigarsa, ya jera su a gefen ƙafafun da ke sanye da farar safa, na dama kusa da ta dama. Ko makaho ya shafa ya san da sun yi daidai.

Sai Choleng ta kunce bakin hankicinta ta kamo hannunsa, ta sa masa ƙwandalar peso ɗaya a tafi.

"Taka ce. Tun ranar da Ningning ta zo take aljihun rigarsa. In zan wanke rigar sai ya cire ya mayar a wata. Ya ce ka san ba a karɓar takalmi kyauta, wanda aka ba yakan taka su ya tafi ya bar mai bayarwa. Ya ce kana miƙo masa zai biya ka nan take, don kada ya tafi ya bar ka."

Cleto ya dunƙule hannun ya kai ƙirji. Bai yi kuka ba, ni dai da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya fito waje kamar mai tafiya cikin barci, ya zauna a kujerarsa ta kullum. Inggo ya tura masa marafa, ba wanda ya zauna a hagunsa. Na rasa abin yi, sai na raba.

Na buɗe ukun tsakiya, magana ta faɗo kansa. Bai ko ɗaga katinsa ya duba ba. Hannunsa ya tashi da kansa zai ƙwanƙwasa, yatsun suka tsaya a sama, ya juya ya kalli kujerar hagu. Sannan ya buɗe tafin hannun nan, ya tattara duk marafan da ke gabansa ya tura tsakiya.

"Na zuba, Pare," ya ce. "Ga shi na fara."

Inggo ya ajiye katinsa, na kusa da shi ma ya ajiye, haka har layi ya zagayo. Ya ci, amma bai miƙa hannu ya ja ba. Yana nan zaune, ƙwandalar a dunƙule a ƙirjinsa, yana jiran kujerar hagu ta yi magana, ni kuma na kasa tattara katin.